Sharhi a kan Tukwanen Ladi Kwali

A bayan takardar naira 20 wadda aka fitar a 2007 akwai hoton wata mace tana aikin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, maginiyar da sunanta ya fi na kowane magini fita a ƙasar nan. An yabe ta yabo mai yawa, amma ba a cika tsayawa a auna aikin nata ba. Abin da ya kamata a bincika shi ne, wane irin abu ne tulun da ya jawo mata suna, kuma da wane ma'auni ya cancanta a auna shi. Maganar ba ƙarama ba ce ga malaman da ke koyar da sana'o'in gargajiya, gama yadda suka fahimci wannan tulu haka za su fahimtar da ɗalibansu darajar tukunyar ƙauye.

An haife ta a Kwali wajen 1925, cikin ƙasar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. A can ginin tukwane aikin mata ne, ita ma a hannun wata 'yar'uwar iyayenta ta koya tun tana yarinya. Ba a amfani da keken gini. Maginiya takan ɗauki curin yumɓu ta rarake cikinsa, ta riƙa jan gefen sama tana kewaya shi da ƙafa, sa'an nan ta murza yumɓu kamar igiya ta yi ta ɗorawa tana shafewa har tulu ya tashi. Kafin ya bushe sai ta zane jikinsa. Kadan ya bushe a tara shi da 'yan'uwansa a fili, a rufe da itace da ciyawa a cinna wuta. Ba tanderu, ba wani abin da a ke sayowa daga nesa.

Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a gidansa saboda kyaunsu, a nan ne kuwa Baturen nan Michael Cardew ya gan su a 1950, sa'ad da Gwamnati ta ɗauke shi ya duba sha'anin ginin tukwane. Shi ya kafa makarantar koyon gini a Abuja, watau garin da daga baya aka sake wa suna Suleja. Ladi ta shiga makarantar a 1954, ita ce mace ta farko. Wannan jerin shekaru kaɗai ya isa ya kawar da kuskuren da a kan ji a bakin wasu, cewa Bature ne ya koya mata gini. Gwaninta ce ta kai ta makarantar. Abin da ta tarar a can shi ne keke, da tanderu mai tsananin zafi, da ruwan ƙyallin da a ke shafa wa tukwane.

Aikinta ya kasu kashi uku. Na farko tukwanen gargajiya irin na Kwali. Na biyu kwanoni da kofuna da butoci da ta yi a kan keke, irin na teburin cin abinci. Na uku manyan tuluna waɗanda ta gina da hannu bisa hanyar gida, amma da yumɓun makaranta, aka shafe su da ruwan ƙyalli aka gasa a tanderu. Waɗannan na ukun su aka nuna a Landan a 1958 da 1959 da 1962, su ne kuma gidajen ajiye kayan tarihi na Turai da Amurka suka fi nema.

Kyaun da ke gare su ba abin musu ba ne. Cikin tulun a cike ya ke, ya buɗe daga gindi a hankali ya tattaru zuwa wuya ba tare da wata karaya ba, har mai kallo ya yi mamakin a ce ido da hannu kaɗai suka daidaita shi. Zanen kuwa a tsare ya ke. Takan raba jikin tulu da layuka daga wuya zuwa ƙasa, ta sa kunama ko ƙadangare ko kada ko hawainiya ko kifi a tsakani, ta cike jikin dabbar da ƙananan zane masu gicciye juna. Dabbar ba ta tsaye kamar wadda aka manna. Takan miƙe ta bi kumburin tulun, faɗinta ya zo daidai inda tulun ya fi faɗi. A makaranta an riƙa cusa farar ƙasa cikin zanen, saboda haka ya kan fito sarai a ƙarƙashin ƙyallin mai duhu. Ta wannan fuska lalle hanyar makaranta ta ƙara wa zanenta bayyana, ta kuma sa tulun ya yi ƙarko.

Amma fa tulu ba don kallo aka fara gina shi ba. Tukunyar da aka gasa a fili ba ta shan zafin da zai toshe ƙofofin yumɓu, don haka tana naso. Ruwan da ya tsattsafo ta jikinta iska ke busar da shi, bushewar nan ita ke janye zafi, ruwan ciki ya yi sanyi. Wannan ne asirin randa a kowane gida. Har wa yau, irin wannan yumɓu yana jure wutar murhu ba ya fashewa, ga shi da sauƙin ɗauka a ka ko a kafaɗa. Tanderun makaranta kuwa zafinsa ya kan wuce digiri 1200, yumɓu ya haɗe ya zama kamar dutse, ƙyalli kuma ya rufe shi ruf. Sai tulun ya daina naso, ya yi nauyin da mace ba za ta kai shi rafi ba, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin matan da aka gaji siffarsa daga gare su. Siffar tulu tana nan, aikin tulu ya tafi.

Ba daidai ba ne a mai da wannan laifi a kan Ladi. Mai sana'a ce, ta sami sababbin kayan aiki da sabuwar kasuwa, ta kuwa sarrafa su yadda babu wanda ya yi kafinta. Ta buɗe wa waɗansu mata ƙofa, irin su Halima Audu, suka biyo ta makarantar. Shi ma Cardew bai raina ginin gargajiya ba, ya yabe shi ƙwarai, nufinsa kuwa shi ne a sami kayan tebur na gida maimakon na waje. Sai dai masu sayen kayan Abuja suka kasance galibi Turawa ne da manyan ma'aikata. Laifin da ke akwai yana ga masu ba da labarin, waɗanda ke tsara shi kamar hawan tsani, tukunyar ƙauye a ƙasa, tulu mai ƙyalli a sama. Kowanne da bukatar da ya ke biya. Lambar girma ta MBE da aka ba ta a 1963, da digirin girmamawa na Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, sun tabbatar da gwaninta, ba su tabbatar da cewa hanyar tanderu ta fi ta fili ba.

Akwai shaidar da ta zo bayan rasuwarta a 1984. Wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya cikin babba, a zuba jiƙaƙƙen rairayi a tsakaninsu, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, kayan lambu su yi kwanaki ba su lalace ba, ba tare da lantarki ba. An ba shi kyautar Rolex a 2000 saboda wannan. Dabarar ba ta yiwuwa sai da tukunya mai naso. Watau abin da ƙyalli ya toshe shi ne ainihin ilmin da ke cikin sana'ar.

Saboda haka ya kamata malami ya riƙe ma'auni biyu. Tulun Abuja a auna shi da ido, a duba daidaiton cikinsa da zaman zanensa. A nan Ladi Kwali ba ta da na biyu. Tulun Kwali kuwa a auna shi da ruwan da ke cikinsa, da nauyinsa, da itacen da ya ci, da kuɗin da matar gida za ta biya. Kadan aka kai ɗalibai su ga hoton na farko, ya wajaba a kai su wurin maginiyar da ke kusa da makarantarsu su ga yadda a ke yin na biyu, su rubuta sunayen kayan aikinta daga bakinta, su san ramin da ta ke haƙo yumɓu. Ladi kanta a irin wannan wuri ta koya, kuma ko a Ingila da Amurka, sa'ad da aka tara mutane su kalle ta, ginin hannu irin na Kwali ta nuna musu.