Sojojin Baka da Sunan da 'Yan Jarida ke Kiran su da shi

Wannan takarda ta duƙufa ne a kan kalmar da ake gabatar da mai magana da ita a labaran siyasa na Hausa. Ana yi wa wannan abu kallon ƙarami, amma shi ke tsara yadda mai sauraro zai auna duk abin da zai biyo baya.

A al'adar Hausawa maroƙi ba ya ɓoye ubangidansa. Da ya buɗe baki da kirari an san gidan da ya kwana, idan kuma ya yi zambo an san a madadin wa ya yi shi. Mawaƙan siyasa sun gaji wannan hali tun zamanin NEPU da NPC. Ko a zaɓen 2015 babu wanda ya ɗauki Dauda Kahutu Rarara alƙali tsakanin Buhari da Jonathan. An san nasa, an kuma saurare shi a kan haka.

Sojan baka ya sha bamban. Wannan suna ya bazu a Kano bayan buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu, irin su Freedom a 2003, inda shirye-shirye kamar Kowane Gauta suka ba magoya bayan 'yan siyasa fili. Daga baya aikin ya bazu zuwa Facebook da Twitter. Aikin dai yabo ne da habaici da gugar zana, wato kayan maroƙi, sai dai babu kalangu. A cikin irin waɗannan shirye-shirye ɓoyon bai yi yawa ba, domin mai magana yakan ambaci gwaninsa. Matsalar tana tasowa ne idan ɗan jarida ya ɗauko mutumin ya sa shi cikin labarai da sunan “mai sharhi kan al'amuran yau da kullum” ko “ɗan gwagwarmaya”. Ɗalibi ya lura: “mai sharhi” na nuna wanda ya tsaya gefe yana dubawa, ba wanda yake cikin kokawar ba. Da kalma biyu an sa wa maroƙi rigar malami.

Inda aka bayyana alaƙar, labari yakan fito da ma'anarsa. A Fabrairun 2021, bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe, Salihu Tanko Yakasai ya soki gwamnatin APC a Twitter, Gwamna Ganduje kuma ya sallame shi daga aiki. Jaridu sun kira shi hadimin gwamna, kuma wannan kalmar ce ta ba maganarsa nauyi: ɗan gida ne ya yi suka, ya kuma rasa muƙaminsa a kanta. Da an ce “wani mai sharhi” ne, da labarin bai wuce layi biyu ba.