BABI NA HUƊU: TARKEN TSARIN TAGOGI A MANHAJAR GIMP

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar taga a fuskar kwamfuta da ire-irenta. A wannan babi kuwa za a yi tarken yadda manhajar GIMP ta sarrafa tagoginta, domin a gano wanda nauyin shirya su ya hau kansa: manhajar ce ko kuwa mai amfani da ita.

4.1 Tsarin Farko

GIMP manhaja ce ta gyaran hotuna wadda ake samu kyauta. Spencer Kimball da Peter Mattis ne suka fara ƙirƙiro ta a shekarar 1995, suna ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, aka kuma sake ta ga jama'a a 1996. Tun farko ba ta da uwar taga guda. Akwatin kayan aiki yana da tagarsa, kowane hoto yana da tasa, haka ma jerin hawa-hawan hoto da na buroshi. Wato mai gyaran hotuna uku zai iya samun kansa da tagogi shida ko fiye, kowace tana cin gashin kanta.

Ba za a yi wa maƙera manhajar adalci ba idan aka ce sakaci ne. An gina ta ne domin tsarin Unix, inda akwai wata manhaja ta daban mai kula da tagogi, wadda ke ba mutum damar ware wa kowane aiki filinsa. A nan tsarin ya zauna daidai, musamman ga mai allo biyu, wanda zai ajiye hoto a ɗaya, kayan aiki a ɗaya.

4.2 Inda Gizo ke Saƙar

Matsalar ta fito fili ne da manhajar ta isa ga masu amfani da Windows. A can kowace taga takan kama gurbinta a layin ƙasan allo, ta cakuɗe da na sauran manhajoji. Idan mutum ya leƙa wasiƙa ya dawo, sai ya tarar da hoton a gaba, akwatin kayan aiki kuwa ya ɓuya a bayan wata taga. Kafin ya ci gaba da aiki sai ya zaƙulo su ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ya saɓa wa ɗaya daga cikin ƙa'idoji goma na sauƙin amfani da Nielsen (1994) ya shimfiɗa, wadda ke nuna cewa gara mutum ya ga abu a gabansa ya gane shi da a tilasta masa tuna inda yake. Haka kuma binciken Bly da Rosenberg (1986) ya nuna cewa a ayyukan da abin da ke cikin taga yake da tsari, tagogin da aka jera gefe da gefe sun fi masu hawa kan juna saurin kai mutum ga biyan buƙata, domin masu hawa kan juna suna cin lokaci wajen ja da ragewa. Hankalin mai gyaran hoto guda ne, kuma taura biyu ba ta taunuwa: ko dai ya kula da hoton ko ya kula da tagogin.

4.3 Gyare-gyaren da Aka Yi

A fitowa ta 2.6 (2008) an mayar da jerin umarni kan tagar hoto, aka kuma sa akwatin kayan aiki ya zama mai yi mata hidima. A ta 2.8 (2012) aka kawo tsarin taga guda a matsayin zaɓi, sannan a ta 2.10 (2018) ya zama shi ne wanda sabon mai amfani ke fara tararwa. Ba GIMP kaɗai ta yi irin wannan laluben ba. Excel ta bi kishiyar hanya a 2013, inda ta bar uwar taga ta ba kowane kundi tagarsa.

Sai dai taga guda ma tana da nata naƙasu. Hotuna sukan jeru ne a sama, ana ganin ɗaya a lokaci guda, don haka kwatanta biyu kafaɗa da kafaɗa ya fi sauƙi a tsohon tsari. Saboda haka barin tsohon a matsayin zaɓi hikima ce.

4.4 Naɗewa

A ra'ayin mai wannan nazari, laifin GIMP ba yawan tagogi ba ne. Laifinta shi ne ta ɗauki buƙatar ƙwararre ta ɗora wa ɗan koyo, aka kuma shafe shekara ashirin da biyu kafin a juya lamarin. Ɗan koyon da ya ɓatar da akwatin kayan aiki a ranar farko ba lallai ne ya dawo a rana ta biyu ba. Babi na gaba zai auna wannan ra'ayi da tsarin wasu manhajojin gyaran hoto.