Takardar da Ta Riga Ƙuri'a Isowa

A 1971 majalisar dattawan Amurka ta kaɗa ƙuri'a kan ko gwamnati za ta ci gaba da zuba kuɗi a aikin ƙera jirgin fasinja mai gudun da ya zarce na sauti. Sai da aka gama, kowa ya watse, sannan wani nazari mai kyau kan batun ya iso daga cibiyar American Enterprise Institute. Ihu bayan hari ke nan. Da aka tambaya, shugaban cibiyar ya ce da gangan suka jinkirta, don kada a ce sun sa baki a ƙuri'ar. Amsar ta tsaya a ran wasu matasa biyu masu yi wa 'yan majalisa aiki, Paul Weyrich da Edwin Feulner. A 1973 suka kafa tasu cibiyar, Heritage Foundation.

Ba sai ka yarda da siyasarsu ta 'yan mazan jiya ba kafin ka jinjina wa gwanintar da suka goge. Malamin jami'a yana rubuta wa 'yan uwansa malamai, kuma ba ya gaggawa. Ma'aikacin cibiyar nazarin manufofi kuwa yana rubuta wa mutumin da wayarsa ba ta daina ƙara, wanda gobe da safe zai ce i ko a'a. Saboda haka idonsa na kan jadawalin majalisa: wane ƙudiri ne ke gaban wane kwamiti, yaushe za a zauna a kansa, wane hadimi ne ke haɗa wa ɗan majalisar takardu. Sau da yawa ma hadimin ne ainihin mai karatun.

Sai aikin matsewa, inda ake gane gwani. Ga rahoto mai shafi ɗari biyu, ana son ya koma 'yan shafuka. Sakin layi na farko ya faɗi abin da za a yi, nawa zai ci, wane sashe na doka za a taɓa. Hujjar abokan hamayya ma a kawo ta tun da wuri tare da amsarta, don kada mai riƙe da takardar ya ji kunya a zauren muhawara. Feulner yana da ma'auninsa: takarda ta zama wadda ɗan majalisa zai jefa a jaka, ya karance ta a mota tsakanin filin jirgin sama da majalisa. Taƙaitawa ba wuya; taƙaitawa ba tare da an murɗe gaskiya ba ita ce aikin. Adadi ɗaya ya fito ba daidai ba, gobe takardarka kwandon shara za ta nufa.

Mai karatu ma yana da nasa aikin, ya tambayi wa ke biyan kuɗin. Jarin farko na Heritage, dala 250,000, daga attajirin kamfanin giya Joseph Coors ya fito.

Da Ronald Reagan ya ci zaɓen shugaban ƙasa na 1980, cibiyar ta riga ta shirya. Wannan karon ba gajeriyar takarda ba ce, kundi ne mai shafi sama da 1,000, Mandate for Leadership, ɗauke da shawarwari kusan 2,000, ma'aikata bayan ma'aikata, ta yadda kowane sabon minista zai buɗe babinsa kawai. Reagan ya raba wa ministocinsa kundin. Daga baya Heritage ta ce an ɗauki kusan kashi 60 cikin 100 na shawarwarin, kodayake wannan lissafin nata ne, ita ta yi wa kanta.