Gwanayen da Ke Raɗa wa Dayatom Suna

Duk hunturu hazo na sauka a Yalwan Damai, ya yi wa ganyen mangwaro da rufin kwano furu-furu. Da yawa daga cikin wannan ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, inda wani makeken tafki ya ƙafe tun zamanin da, ya bar tarin ɓawon ƙananan halittun ruwa da ake kira dayatom.

Dayatom dangin gansakuka ce, ƙwaya ɗaya tal, sai da madubin ƙara girma ake ganin ta. Da silika, sinadarin yin gilashi, take gina gidanta, ɓari biyu masu shiga juna kamar batta da murfinta. Ko ta mutu gidan ba ya ruɓewa, kuma kowane iri da zanensa.

Karanta wannan zane shi ne sana'ar masu raɗa mata suna. Wani masani Bajamushe mai suna Ehrenberg ya duba ƙunshi biyar na ƙurar da ke sauka a kan jiragen ruwa a yammacin Afirka, waɗanda Darwin ya aika masa bayan ya ratsa yankin a 1832. Ya ware iri 67, ya kuma gano kusan dukkansu ba na teku ba ne, daga ƙasa iska ta kwaso su.

Magadansa na yau, ko daga gaɓar teku mai ƙanƙara a Nowe suka ɗebo ruwa, hanyar ɗaya ce. A dafa samfurin da asid har naman ya narke, ɓawon ya fito tas. A ɗauraye, a ɗiga a kan gilashi, a bar shi ya bushe, a liƙe. Sai zaman ƙirga a ƙarƙashin madubin ƙara girma: tsawo nawa, faɗi nawa, layi nawa ne a cikin maikiromita 10, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Tsagar da ke ratsa tsakiyar ɓawon, a miƙe ta ƙare ko ta lanƙwasa? Ramukan da suka gagari wannan madubi, sai a kai su na lantarki.

Inda gwani ke fita daban shi ne haƙuri. Dayatom tana ƙanƙancewa yayin da take rabuwa biyu-biyu, don haka uwa da jikanyarta kan yi kama da baƙin juna. Mai gaggawa sai ya raɗa musu suna biyu. Gwani kuwa sai ya auna ɓawo da dama, ya gwada su da na magabata, kafin ya ce sabuwa ce.

Daga nan ya ba ta sunan Latin, ya rubuta siffarta, da Latin ko da Ingilishi tun daga 2012, ya ajiye gilashin a gidan adana samfura. Duk mai ja, ko bayan shekara ɗari, ya je ya ɗora idonsa ya ƙirga da kansa.