Shirun Hanyoyin Auvergne: Nazarin Al'adar Hawan Keke a Ƙasar Matattun Duwatsu

A tsakiyar ƙasar Faransa, yamma da birnin Clermont-Ferrand, akwai jerin duwatsu kusan 80 da suka taɓa yin aman wuta, suka kuma lafa tun dubban shekaru da suka wuce. Sunan jerin Chaîne des Puys, kuma a 2018 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren gadon duniya. Wasu duwatsun akwai rami a kansu, wasu kuwa sai ka ce ƙwarya aka kife. Wanda ya san tuddan Panyam da Kerang a Filato, ko na ƙasar Biu, ba za su zame masa baƙin abu ba. Wannan yanki na Auvergne ya zama matattarar masu hawan keke a kan kwalta, kuma abin da suka fi yabonsa da shi shi ne hanyoyin karkararsa ba hayaniya, mutum ya yi tafiya mai nisa bai gamu da mota ba. Shirun nan yana da asali, kuma wanda bai san asalin ba bai gama sanin hanyar da yake bi ba.

Yanayin ƙasar ne ke tsara wa mahayi tafiyarsa. A tsaunukan Alps hawa ɗaya kan kai kilomita 20, sannan a sha doguwar gangara. A Auvergne kuwa dutse mafi tsayi, Puy de Sancy, bai kai mita 1,900 ba, amma ƙasar ba ta barin ƙafa ta huta: ka hau, ka gangara, kafin numfashi ya dawo wani tudun ya tare ka. A kudu, a lardin Cantal, tsohon dutse ne guda ɗaya jibgege wanda ƙanƙara da ruwa suka zaizaye, kwaruruka suka fita daga tsakiyarsa ta kowace fuska. Duk mai son tsallakawa daga wani kwari zuwa wani dole ya haura. Mashigin Pas de Peyrol, mai tsayin mita 1,589, shi ne mafi bisa da kwalta ta ratsa a duk tuddan tsakiyar Faransa, kuma dusar ƙanƙara tana rufe shi da hunturu. Ƙananan hanyoyin ƙunci gare su, ga tsakuwa a bakin kwana, ga kashin shanu inda garke ya tsallaka da safe. Mai gangarowa da hankali yatsunsa ba sa barin birki.

Al'adu biyu ne suka ginu a kan waɗannan hanyoyi, kuma duniya ta fi sanin ta farko, wato tsere. Gasar Tour de France ta fara hawa dutsen Puy de Dôme, mai tsayin mita 1,465, a 1952, Fausto Coppi ɗan Italiya ya riga kowa isa. Hanyar tana naɗe dutsen, kuma a kilomita huɗun ƙarshe duk tafiyar mita 100 ana haurawa mita 12 ko kusa da haka. A ranar 12 ga Yuli, 1964, Jacques Anquetil da Raymond Poulidor suka hau ta kafaɗa da kafaɗa, kowa ya ƙi sakar wa ɗan'uwansa. Daf da ƙarshe Anquetil ya gaza, Poulidor ya ba shi ratar daƙiƙa 42, amma Anquetil ya tsira da rigar jagora mai ruwan ɗorawa da daƙiƙa 14 kacal, ya kuma cinye gasar da ratar daƙiƙa 55. Poulidor, ɗan manoma, har ya yi ritaya bai taɓa sa rigar nan ba, duk da haka shi talakawan Faransa suka fi riƙewa a zuci. A kan dutsen dai, a 1975, wani ɗan kallo ya naushi ɗan tsere Eddy Merckx a ciki yana tsakiyar hawa. Bayan 1988 gasar ba ta sake komawa can ba sai a 2023, lokacin da Michael Woods ɗan Kanada ya yi nasara, aka kuma hana 'yan kallo tsayawa a ƙarshen hanyar saboda ƙuncinta da kare muhalli.

Tarihi ne mai motsa rai, kuma ba na raina shi. Sai dai tsere yana mai da ƙasa ma'aunin ƙarfin ƙafa kawai. Da yawa daga masu zuwa Auvergne a yau sawun 'yan tseren suke bi. Ido na kan 'yar na'urar da aka ɗaura a kan keke, tana ƙirga gudu da bugun zuciya, da yamma kuma a ɗora sakamako a manhajar Strava a ga wa ya fi wa. Irin wannan mahayi zai ratsa ƙauyuka goma, ka tambaye shi sunan ɗaya ya kasa faɗa. Shi kansa Puy de Dôme, tun da jirgin ƙasa mai hawa dutse ya fara aiki a 2012, an rufe hanyarsa ga kekuna in ban da wasu ranaku na musamman. Ashe abin da ya rage wa kowa da kowa su ne ƙananan hanyoyin da gasa ba ta damu da su ba.

A nan ne al'ada ta biyu, wato yawon sannu a kan keke, take da gida. Ubanta shi ne Paul de Vivie, wanda aka fi sani da Vélocio, mazaunin Saint-Étienne a gabashin waɗannan tuddai. A 1887 ya kafa mujallar da ta zama Le Cycliste, ya yi shekaru yana kare ra'ayin cewa keke abin ganin ƙasa ne. Da yake tuddai ne kewaye da shi, ya duƙufa wajen ƙera keke mai canjin giya, a lokacin da masu shirya tsere ke ganin hakan ragwanci ne. Sai a 1937 Tour de France ta yarda kowane ɗan tsere ya yi amfani da na'urar canjin giya. Shawarwarin da ya bar wa mabiyansa sun karkata ga kiyaye jiki, da ci da sha a kan kari, da guje wa hawa don a gani a yaba. Taragon cikin gari ne ya buge shi ya rasu a 1930, kuma akwai dutsen tunawa da shi a mashigin Col de la République. Abin da ya koyar Bahaushe ya riga ya taƙaita shi: sannu ba ta hana zuwa.

Abubuwa biyu suka sauƙaƙa wa talaka wannan yawo. Na farko a Clermont-Ferrand aka yi shi, inda kamfanin Michelin ya fito a 1891 da tayar da ake iya cirewa a yi faci a mayar, maimakon wadda ake liƙewa da gam a jikin gargare. A shekarar ne Charles Terront ya cinye tseren Paris zuwa Brest da dawowa, kimanin kilomita 1,200, cikin ƙasa da kwana uku a kan irin wannan taya. Na biyu shi ne dokar 1936 da ta ba ma'aikatan Faransa hutun mako biyu da albashi. Leburan masana'anta ya ɗaura jaka a bayan keke, ya fita ya ga ƙasarsa.

To, daga ina shirun ya fito? Daga ƙaura. A shekarun 1830 mutanen lardin Cantal sun haura 260,000. Yau ba su kai 150,000 ba. Sanyi da ƙarancin abin yi suka kori samari zuwa Paris ci-rani, suka yi tallan ruwa, suka sayar da gawayi, daga baya suka buɗe shagunan shan gahawa, da yawansu ba su dawo ba. Hanyoyin da mahayi ke jin daɗinsu an shimfiɗa su ne don kai yara makaranta, da kai madara da shanu kasuwa. Masu bin su ne suka ragu.

Alamun suna nan ga wanda ya rage gudu. A kan tuddai za ka ga ƙananan ɗakunan dutse, rufinsu ma na dutse, waɗanda ake kira buron. A cikinsu a da makiyaya ke kwana da bazara suna tatsar jajayen shanun Salers masu dogayen ƙaho, suna yin cuku. Yawancinsu yanzu kufai ne, kaɗan aka mayar gidajen abinci. Ga kuma wata dabara da duk mahayin karkarar Faransa ya sani: idan gorar ruwa ta ƙare, a nemi makabartar ƙauye. Ya jingina keke da katanga, ya tura ƙofar ƙarfe, a gefe akwai famfon da ake ba furannin kaburbura ruwa, ya cika gorarsa. Ana koya wa sababbin mahaya wannan a matsayin wayo. Ni kuwa shaida nake gani: a ƙauyuka da yawa an rufe shago da gidan burodi, famfon matattu ne ya rage a buɗe.

Za a iya cewa ai zuwan masu keke alheri ne ga yankin, kuma haka ne. Keke ba ya hayaƙi, ba ya firgita garke, kuma mai shi dole ya ci, ya sha, ya kwana. Keken lantarki ya ba tsofaffi da marasa ƙarfin ƙafa damar kai wa inda da sai 'yan wasa. Dokar Faransa kuma ta wajabta wa direba barin ratar mita ɗaya da rabi idan zai wuce mai keke a wajen gari. Amma alherin ba ya sauka da kansa. Wanda ya zo da mota cike da guzuri daga birni, ya zagaya tuddai ya koma kafin magariba, ya mori hanyar da harajin mutanen lardi ke gyarawa bai bar musu komai ba. Baƙo raɓa ne, amma ko raɓa takan jiƙa ciyawa kafin ta tashi.

Don haka nake ganin gadon Vélocio ya fi na 'yan tsere dacewa da Auvergne, kuma shi ya fi buƙatar a kare. Tsere yana zuwa wuni ɗaya da jiragen sama masu ɗaukar hoto ya wuce. Mai yawon sannu shi ne ke kwana a masaukin ƙauye, ya sayi cukun Saint-Nectaire ko na Salers a hannun wanda ya yi shi, ya gai da manomi, ya tsaya har garke ya gama tsallaka hanya. Darajar wannan al'ada ba ta tsaya ga yawan mitocin da aka haura ba. Za a auna ta ne da ko ta taimaka wa iyalan da suka rage a waɗannan tuddai su samu dalilin ci gaba da zama, domin lardin da ya rasa mazauna ba zai daɗe yana samun kuɗin gyaran kwalta ba.