Jinjina ga Sahel Sounds

Akwai mawaƙan da ba su da kamfani, ba su da uban gida a gidan rediyo, sai dai waƙarsu ta yi ta yawo daga waya zuwa waya. Irin waɗannan mawaƙa ne Christopher Kirkley, Ba'amurken da ya kafa kamfanin waƙoƙi na Sahel Sounds, ya bi sawunsu. Ya tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane a arewacin Mali, ya fitar da faifan Music from Saharan Cellphones a 2011. Ta nan Turawa da yawa suka fara jin Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar.

Abin da ya fi burge ni, bai ci gumin kowa ba. Sai da ya nemo masu waƙoƙin, ya ba su kasonsu. Hatta waƙoƙin finafinan Hausa ya haɗa a faifan Harafin So. Madalla da wannan aiki!