Jinjina ga maginan ƙasa na Kankiya da Kusada

Wanda ya ratse daga titin Kano zuwa Katsina a Kankiya, ya nausa ƙauyukan Kusada, zai tarar da tsofaffin zauruka da masallatan ƙasa har yau a tsaye. Maginan gargajiya ne suka riƙe su, kuma sun cancanci jinjina.

Da rani suke aikin. A haƙo ƙasa, a cuɗa ta da ciyawa, a bar ta ta jiƙu, sannan a mulmula tubali mai tsinin kai a shanya. Magini na zaune bisa katanga, yaro na jefo masa tubali, yana cafewa yana jerawa, ba igiyar awo sai ido. Rufi kuwa azarar giginya ce, wadda gara ke shakka. Kafin damina a bi soro da makuba, a gyara indararo. Da wannan sana'a aka ɗaga hasumiyar Gobarau a birnin Katsina.

A cikin zaurukan nan dattawa ke ba da labarin wanda ya sari gari da inda aka haƙa rijiyar farko. Abin da ke damuna shi ne siminti da kwano sun janye samari, yawancin gwanayen da suka rage furfura ta cika musu kai.